Kunkurun Baba a tafin hannu: mako bakwai muna haɗa ƙaramar motar roba

Uwargida, in kina da yaro ɗan shekara goma sha wani abu a gida, ba sai na ɓata bakina wajen kwatanta miki faɗan waya ba. Kin ƙwace, kin ɓoye a ƙasan akwati, kin canza lambar sirri, shi kuma ya gano sabuwar kafin ki idar da sallar isha'i. Nawa ɗan farin (kin san ba a faɗin suna) shekararsa goma sha uku. A hutun ƙarshen shekarar da ta wuce na dawo daga aikin dare wajen ƙarfe takwas na safe, na tarar da shi yana sharar barci da tsohuwar wayata a ƙarƙashin kumatunsa, ta yi zafi kamar an sauke ta daga murhu. Da na duba sai na ga har kiran assalatu yana wasan tseren mota. Ni da nake tsayawa a asibiti ina yi wa iyayen wasu nasiha kan barcin yara, ga abin da ake yi a ɗakina.

A makon nan ne wani kwali ya iso daga wurin ƙanena da ke karatu a Ingila, ya ba wani mai dawowa gida ya kawo mana. A jikin kwalin hoton mota ne, Volkswagen Beetle samfurin 1966. Yaron ya buɗe da rawar jiki yana zaton zai ga mota ya tura ta a tsakar gida. Babu mota. Wasu firam-firam ne na roba, kowanne da ƙananan abubuwa manne a jikinsa kamar 'ya'yan itace a reshe, sai gangar jikin motar ita kaɗai a leda, tayoyi, gilasai, da takardar bayani mai shafi da yawa. Ya dube ni ya ce, "Umma, Kawu ya aiko mana da mota a karye."

Ba a karye take ba. Haka ake sayar da ita, kai ne za ka yanka, ka goge, ka yi fenti, ka manna, har ta zama mota. Kuma ba don yaron kaɗai ƙanena ya zaɓo ta ba. Mahaifinmu, wanda yake zaune a wurina tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki, irin motar ya hau shekara da shekaru yana malamin makaranta. Kunkuru yake ce mata, kamar yadda Yarabawa ke ce mata Ijapa. A Turance kuwa sunan nata na ƙwaro ne, dangin buzuzu.

Mene ne wannan abin?

Sha'awa ce da ta daɗe a Turai da Amurka da Japan, kuma manya sun fi yara yawa a cikinta. Kamfanin Airfix na Ingila ya fara da wata 'yar tarakta ta Ferguson a 1949. Akwai Revell da ya samo asali a Amurka, akwai Heller na Faransa. Tamu ta Tamiya ce, kamfanin da ke birnin Shizuoka a Japan, wanda ya fara da sana'ar katako a 1946 kafin daga baya ya koma roba. Suna yin jiragen sama, jiragen ruwa, tankokin yaƙi, babura da motoci, duk a ƙanƙance amma bisa ma'auni na gaskiya.

Ma'aunin shi ne abin da ya fara jan hankalin yarona. A kwalin an rubuta 1/24. Ma'ana, duk abin da ke jikin ƙaramar an rage shi sau ashirin da huɗu daga na babbar. Beetle ta gaske tsawonta ya ɗan haura mita huɗu, don haka tamu ta tashi kusan santimita 17. Na ce masa ya ɗauko rula ya auna sitiyarin, ya ninka da 24, ya gaya mini faɗin na gaske. Yaron da lissafin kashi ke sa shi ciwon kai a makaranta ya zauna ya auna sitiyari, ya auna taya, ya auna ƙofa, har ya je ya gwada ko kujerar za ta ɗauki kakansa. Ban ce masa darasi muke yi ba, shi ma bai lura ba.

Ita motar kanta tana da labari. Ferdinand Porsche ne ya tsara ta a Jamus a shekarun 1930, amma ba a fara ƙera ta da yawa ba sai bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da wani hafsan sojan Ingila, Ivan Hirst, ya tayar da masana'antar da ke Wolfsburg a 1945. A 1972 ta wuce Ford Model T a yawan waɗanda aka ƙera. Ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla a ƙasar Meziko a watan Yulin 2003, bayan an yi sama da miliyan 21. A nan gida ma an harhaɗa ta a Legas tun daga 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna. Shi ya sa kusan duk gidan tsohon ma'aikaci da za ki shiga, in kika duba tsofaffin hotuna, za ki ga ɗaya daga cikin biyun nan a bayan mutane.

Kayan aiki: rabinsu suna cikin gidanki

Ƙanena ya haɗo mana da gam ɗin robar, 'yan kwalaben fenti masu narkewa da ruwa, da burushi biyu. Sauran duk a gida muka tattara. Abin yankan farce ya zama almakashin ciro kaya daga firam. Abin goge farce na kwali ya zama magogi. Tsinken sakace don ɗiga gam da fenti a lungu, audugar kunne don shafewa, hantsakin gira don ɗaukar ƙananan abubuwa, maƙalan shanya don riƙe abin da aka manna har ya kama. Sanfefa mai laushi, lamba 600 da 1000 da 2000, a wurin masu sayar da fentin mota na samo. Sai faranti mai zurfi da muke aiki a cikinsa, domin in madubin gefe ya faɗi ƙasa, to sai dai ki yi masa addu'a. Girmansa bai kai ƙwayar wake ba.

Abu ɗaya da ya kamata ki fahimta tun farko shi ne gam ɗin. Ba irin gam ɗin takarda ba ne da ke shiga tsakani ya riƙe. Shi wannan narkar da fuskar robar yake yi, ɓangarorin biyu su haɗe su zama ɗaya, kamar walda. Daga nan dokoki uku suka fito. Kaɗan ake sawa, don in ya yi yawa zai cinye robar ta lotsa. Ba ya kamawa a kan fenti ko a kan abin da aka yi wa ruwan azurfa, sai an kankare wurin da za a manna. Kuma in ya taɓa yatsanki kika taɓa jikin motar, zanen yatsanki ya zauna ke nan. Gilashi kuwa ba a kai masa wannan gam ɗin, ba a kai masa sufa gulu, domin tururinsa yana sa gilashin ya yi fari kamar ido mai yana. Farin gam na kafintoci ake ɗiga masa, wanda in ya bushe ba a ganinsa.

Mun fara da wanke firam ɗin da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke, saboda wani lokaci akwai maiƙon masana'anta a jiki da ke hana fenti zama. Doka ta gaba ita ce wadda ta fi ba yaron wahala: ba a ciro abu daga firam sai an zo kansa a takarda, domin lambar kowane abu a jikin firam take, ba a jikinsa ba. Shi kuma so yake ya ɓalle komai a tashi ɗaya. Sannan ba a murɗewa da hannu, yanka ake yi nesa kaɗan da abin, a goge ragowar. Kafin gam kuma sai an gwada a ga ya zauna. Yanka, goge, gwada, manna. Na maimaita kalmomin nan har autata ta haddace tana rera su.

Injin da ya sa Baba magana

Takardar da inji ta fara. Mun shimfiɗa tabarma a baranda bayan la'asar, Baba yana kan kujerarsa yana kallonmu kamar yadda yake kallon komai tun da ciwon ya same shi, ba um ba um-um. Maganarsa ba ta tafi ba, amma ta yi nauyi, kuma mutum ne mai jin kunyar a ce masa "me ka ce?" sau biyu. Don haka ya zaɓi shiru.

Yaron ya juya gangar jikin yana neman inda injin zai shiga a gaba. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce an yi kuskure a takardar. Sai muka ji daga kan kujera: "A baya yake." Muka waiwaya. Baba ya miƙo hannunsa mai lafiya, aka ɗora masa. Ya nuna bayan motar da babban yatsa ya ce nan inji yake, gaba kuwa wurin kaya ne da tayar sifiya da tankin mai. Yaron ya tambayi ina ake zuba ruwa. Baba ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Kunkuru ba ta shan ruwa, ba ta da lagireto. Iska ce ke sanyaya ta: akwai fanka da fambel ke juyawa, tana hura iska a kan silinda huɗu da ke kwance, biyu a dama biyu a hagu. Shi ya sa, in ji shi, direban Kunkuru zai iya mantawa da komai amma ban da fambel na ajiya, domin in ya tsinke ka ci gaba da tafiya, ka dafa injinka.

Wannan bayani ya ɗauke shi kusan minti goma, da tsayawa da neman kalma. Yaron bai katse shi ba. Ni kuma na yi kamar ina neman wani abu a cikin faranti.

Kada ki ɗauka ina cewa motar roba maganin shanyewar jiki ce. Baba yana shan magungunansa na hawan jini, yana zuwa gashin ƙashi, kuma su ne aikin. Abin da na gani kawai shi ne an samu wani abu a gidan da ya fi kowa sani, ana kuma buƙatarsa a kai. Daga ranar aka ba shi muƙamin mai duba aiki. Ba a manna komai sai ya gani.

Ranar da muka ɓata ta

Inji, ƙasan mota, kujeru da dashbod sun ci mana mako biyu, minti arba'in zuwa awa ɗaya a rana, ranakun da ba ni da aikin yamma. Da burushi muka yi musu fenti. Sirrin burushi shi ne a tsinka fentin ya yi kamar madara, a shafa sau biyu ko uku ana bari yana bushewa, maimakon a lafta sau ɗaya.

Gangar jiki ce matsala, don ita ido ke fara gani, kuma burushi yana barin sawu. Baba ya ce tasa shuɗiya ce mai haske, kalar sararin sama. Na sayo fentin gwangwani na fesawa a kasuwa, irin wanda ake fesa wa keke da ƙofar ƙarfe. Ranar wata Asabar ina barcin gajiya, yaron ya kasa haƙuri. Ya fita tsakar gida da tsakar rana, iskar hunturu tana kaɗawa, ya kafa gwangwanin dab da motar ya danna har sai da ta jiƙe sharkaf.

Kuskure uku a lokaci ɗaya. Fentin ya yi yawa ya zubo kamar hawaye a ƙofofi. Ƙura ta sauka a kansa tun yana ɗanye, rufin ya koma kamar an barbaɗa masa gero. Mafi muni, sinadarin da ke cikin irin wannan fenti yana da ƙarfi, ya ci fuskar robar a kan murfin gaba ta yi yamushe-yamushe. Da ya ga haka sai ya sa yatsa zai gyara. Kin san sauran.

Na fito na same shi zaune a bakin rariya. Abin da ya fara zuwa bakina shi ne kuɗin da kawunsa ya kashe, da "ban ce ka jira ni ba?" Kuma na faɗa, ba zan yi miki ƙarya ba. Ya tashi ya shige ɗaki. Kwana tara kwalin yana kan firij ba wanda ya taɓa shi, shi kuma ya koma wa wayarsa kamar ba a taɓa rabuwa ba. Na ce a raina shi ke nan, an yi asarar kuɗi.

Baba ne ya sa aka sauko da kwalin. Ya kira shi ya ba shi labarin ranar da ya goga Kunkuru a jikin ginshiƙin ƙofar makaranta, sati biyu da sayenta, a gaban ɗalibansa. Ya ce mai gyaran jikin mota bai yi wani sihiri ba, kankarewa ya yi, ya cike, ya goge, ya sake fesawa. Sai ya ce a kawo sanfefa da kwanon ruwa.

Ga yadda muka gyara, ko za ki buƙata. Mun bar fentin ya bushe sarai, don ɗanyen fenti ba ya gogewa, dunƙulewa yake yi. Muka jiƙa sanfefa lamba 600 muna gogawa a hankali har tudun ya kwanta, sannan 1000. Kwana uku yaron yana wannan aikin. Sai muka fesa farar shimfiɗa ta ƙasa, wadda masu fenti ke kira firaima, siriri-siriri, don ta shiga tsakanin roba da fenti mai ƙarfi. Kafin mu sake kusantar motar mun gwada komai a bayan cokalin roba na cin shinkafar biki, wanda da shi ya kamata mu fara tun farko. Fesawar kuma da sassafe muka yi, kafin iska ta tashi, bayan mun yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Gwangwani nesa da motar kamar tsawon rula, hannu yana tafiya ba ya tsayawa, a fara dannawa kafin a iso motar, a saki bayan an wuce ta. Shafa ta farko ko rufe launin ƙasa ba ta yi ba, kuma haka ake so. Minti goma sha biyar, a ƙara. Sau huɗu. Muna gamawa muka kife ta da babbar robar wanki mai tsabta, muka ɗan ɗaga gefe ɗaya da tsinke don iska, muka bar ta kwana biyar.

Murfin gaban har yau in kika karkata shi a rana za ki ga alamar tabon. Mun bar shi.

Yanzu bari in sa farar rigata

Wannan ɓangaren kada ki tsallake shi. Irin waɗannan kwalaye ba kayan wasan ƙananan yara ba ne. Da yawansu za ki ga an rubuta shekara 14 zuwa sama. Ɗan ƙasa da haka zai iya, amma da babba a zaune kusa da shi. In yaronki bai kai goma ba, akwai waɗanda ake ɗaurawa ba gam ba fenti, ɓangarorin shiga juna suke yi, da su za ki fara.

Babban haɗarin ba a kan mai haɗawa yake ba, a kan ƙanensa yake. Wata rana na juya baya na ɗauko ruwa, na dawo na ga autata 'yar shekara biyu tana tauna wani abu. Tayar sifiya ce. Allah ya sa tana gaban baki, na ciro. Duk abin da zai iya wucewa ta cikin kwalin tsakiyar takardar bayan gida zai iya maƙale wa yaro ɗan ƙasa da shekara uku a maƙogwaro. Daga ranar ba a buɗe kwalin sai tana barci ko tana maƙwabta, in an gama kuma a share wurin, a ɗora komai a kan kabad. In kuwa abu ya maƙale wa yaro: muddin yana tari da ƙarfi, ki bar shi ya yi tarin. In ya kasa tari, ya kasa kuka ko numfashi, ki sunkuyar da shi ki buga tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannu har sau biyar. In bai fito ba, wanda ya haura shekara ɗaya a matsa masa ciki sama da cibiya, ciki da sama, sau biyar. Jariri kuwa ƙirji ake dannawa da yatsu biyu, ba ciki ba. Kina yi, wani yana neman abin hawa. Kada ki zura yatsa kina lalube abin da ba ki gani, tura shi ciki za ki yi.

Gam da fentin fesawa da tina duk suna da tururi mai sa ciwon kai da jiri, kuma suna kamawa da wuta. A waje ake aiki da su ko a bakin taga a buɗe, nesa da risho, gas da maganin sauro na kunnawa. Yaro mai asma kada ya tsaya wurin fesawa ko kaɗan. Kada ki taɓa juye tina a robar lemo ko ta ruwa. Mu a asibiti mun san yadda labarin yake ƙarewa, don haka yara ke shan kananzir. In ta faru, kada ki sa shi amai, kada ki ɗura masa manja ko madara. Amai ne ke kai sinadarin cikin huhu. Ki ɗauke shi da robar abin da ya sha ku tafi asibiti.

Sufa gulu in ya manne yatsu, ba a fizgewa. A jiƙa a ruwan ɗumi da sabulu, ana murzawa a hankali. In ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa, kada a buɗe fatar idon da ƙarfi, a tafi asibiti. Kuma kada ki goge shi da auduga ko tsumman auduga in ya zube da yawa, domin yana yin zafi har ya ƙona fata. Reza ko wuƙar aiki kuwa a hannuna take zama. In yaron zai yi amfani da ita, bakin yana kallon waje, abin yana kan katako, ba a tafin hannu ba.

Yadda ta zama ta Baba

Abin da masu wannan sha'awa suka fi ji da shi shi ne ƙananan ƙare-ƙaren da ke sa roba ta yi kama da ƙarfen da ya sha hanya. A nan ne muka fi jin daɗi, kuma kusan ba mu kashe ko sisi ba.

Mun tsinka baƙin fenti da ruwa sosai, muka ɗiga da bakin burushi a layin ƙofofi da ramukan iskar murfin inji. Da kansa yake bin layin, sai a goge abin da ya fita da audugar kunne. Nan take ƙofar ta fito kamar za ta buɗe. Tayoyin mun goge su da sanfefa don ƙyallin sabunta ya tafi. Wayoyin fulogi huɗu daga cikin mataccen abin sauraren waya muka zaro su. Eriya kuwa, ragowar firam na kara a saman kyandir har ya yi laushi, na ja shi ya zama siriri kamar gashi. Wannan ni na yi, a waje. Tabarmar ƙasa daga filastar asibiti ta takarda, wadda na shafa wa baƙin fenti. Siraran layukan azurfa na gefen gilashi da tsinken sakace yaron ya bi su, yana riƙe numfashi. Ƙananan tambarin da ke zuwa a takarda, irin su agogon gudu, ana tsoma su a ruwan ɗumi na 'yan daƙiƙoƙi, a zame su daga takardar zuwa wurinsu, a danne da auduga.

Baba ya yi gyare-gyarensa. Ya ce fitilun gaban wannan a kishingiɗe suke, na tasa a tsaye suke, don tasa ta shekarun 1970 ce. Wannan ba mu da yadda za mu yi da shi. Da ya ga sitiyari a hagu ya ce daidai ne, sannan ya gaya wa jikansa abin da ni ma ban taɓa riƙewa ba: har zuwa watan Afrilun 1972 a hannun hagu ake tuƙi a Najeriya, irin na Ingila, sannan aka koma dama. Lambar motar kuwa bai manta ko ɗaya ba, mutumin da wani lokaci sai ya yi lalube kafin ya kamo sunan maganinsa. Muka rubuta ta a ɗan kwali, fari a kan baƙi, tana farawa da KD. A ƙarshe ya ce ba a taɓa ganin Kunkurunsa da tsabtar nan ba. Yaron ya kankaro jar ƙasa daga bakin ƙofar gida, ya niƙa ta, ya shafa da busasshen burushi a ƙasan ƙofofi da bayan tayoyi.

Maganar kuɗi, da maganar waya

Na san abin da wata za ta rubuto a ƙasa: ana fama da kuɗin makaranta da na shinkafa, wa ke da na motar roba? Gaskiyarki. Ni ban taɓa ganin irin kwalin nan a kasuwanninmu ba, sai dai a yi odarsa ta intanet ko a ba mai dawowa daga waje saƙo, kuma da canjin kuɗi na yanzu ba abu ne mai sauƙi ba. Da ba kyauta aka yi mana ba, ban jin zan saya. In za ki saya, ki nemi mai ɓangarori kaɗan, ki duba matakin wahalar da aka rubuta a kwali, kada ki fara da mai tsada.

Amma ki tuna yayyenmu ba su jira Japan ba. Motar kara, motar langa-langa, motar gwangwanin madara da tayoyin silifas, har da sitiyari mai dogon ƙarfe da ake tuƙawa a tsaye. Aikin ɗaya ne: a kalli babba da kyau, a auna, a yanka, a ɓata, a gyara. Abin da kwalin ya ƙara mana kawai shi ne takardar da ke tilasta bin mataki, da kuma dalilin da zai sa mu zauna wuri ɗaya mu uku.

Wayar fa? Tana nan. Ba zan ce miki ya daina ba. Abin da ya canza shi ne yanzu a ɗakina take kwana, ƙarfe tara yake kawo ta, kuma gardamar ta ragu, wataƙila don mun yi mako bakwai muna magana a kan wani abu da ba ita ba. Wani lokacin ma in na leƙa sai in ga bidiyon yadda ake fesa fenti yake kallo.

Kunkurun tana cikin kabad ɗin gilashi a falo, tsakanin kofunan da ba a shan shayi da su, nesa da rana don zafi yana lanƙwasa roba. Waifa ɗaya ce da ita. Ɗayar ta yi tsalle daga bakin hantsaki, mun share barandar sau uku ba mu gan ta ba. Baba ya ce tasa ma ta yi shekara biyu da guda ɗaya. Makon jiya na dawo daga aiki na tarar da su biyun da rula da kwalin indomi a buɗe, da tsohon hoton Peugeot 504 ta maƙwabcinmu na da. Baba yana faɗin tsawonta, yaron yana rabawa da 24, kuma an riga an yanke mini silifas ɗin wanka guda ɗaya.